Duk hunturu sai ƙirjin yarona ya tashi, wai me ke faruwa a ciki ne?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure, ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema wallahi jiya ban runtsa ba. Namijin cikin 'yan biyuna ne, shekararsa 7, tun da hazon nan ya sauko yake tari cikin dare ƙirjinsa na ƙara kamar kukan ɗan mage, sai na tashe shi zaune na jingina shi a jikina sannan numfashin ya ɗan daidaita. Bara ma haka muka yi, bara waccan ma haka, amma da damina ta sauka sai ya ware kamar ba shi ba. A asibiti sun ce asma ce suka rubuta mana abin shaƙa guda biyu, shuɗi da mai ruwan ƙasa, shuɗin nan take yake aiki amma mai ruwan ƙasan ni banga yana yin komai ba sai na ajiye shi a kwalla. Abin da ya ɗaure min kai, 'yar uwar haihuwarsa ɗaki ɗaya suke kwana ƙura ɗaya suke shaƙa ko tari bata yi. To me ke cikin ƙirjinsa shi kaɗai? Muna wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, asibiti da ɗan nisa.

Inna Mai Ƙosai: Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya 'yar nan, ya sa kaffara ne

Ɗan Kura Mai Injin Casa: Amin. Sannu Hajiya, ina biye da wannan magana dan nima inada tawa matsalar

Baba Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam. Yarinya sanyi ne ya kama shi ba wani abu ba. Ki hana shi ruwan randa da wankan safe, ki sa masa riga mai kauri da hula, ki dafa masa citta da kanumfari ki sa zuma. Kuma ina ba ki shawara ki yi hankali da abin shaƙan nan, mu abin da muka sani in yaro ya saba da shi ba ya rabuwa da shi har girma.

Mai Kemis ɗin Bakin Kasuwa: Baba maganar nan kullum sai na ji ta a shago. Mutane sun fi yarda a ba su ƙwaya ko allura, in ka miƙo inhela sai a ce ai ciwon bai kai nan ba. Bari dai mu jira ƙanwarmu mai karatun likita ta shigo ita ta fi mu sanin cikin abin.

Ɗalibar Likita: Salam, yanzu na fito daga aji naga saƙonnin. Anti sannu, Allah ya ba shi sauƙi. Tun farko ni ɗaliba ce har yanzu, ba zan maye gurbin wanda ya duba shi ba, amma tambayar da kika yi ta me ke cikin ƙirjinsa ita muka karanta a zangon nan kuma wallahi tun da na fahimce ta nake jin haushin yadda ba a yi wa iyaye bayani.

Kinga hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa maƙogwaro ta gangara huhu ta yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya, duk cikinta a lulluɓe yake da wata siririyar fata, a makaranta efiteliyam muke ce mata amma bari mu kira ta fatar ciki kawai. Babban mutum yana shaƙar iska kusan lita 10,000 a rana, in a jarkar ruwa mai lita 25 za a auna jarka 400 kenan, kuma duk ƙura da hayaƙi da ƙwayar cutar da ke cikin iskar nan a kan wannan fatar suke fara sauka. Wasu ƙwayoyin halittar da ke jikinta aikinsu fitar da majina ta kama datti, wasu kuma suna da ƙananan gashi a samansu da ido baya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna miƙa majinar sama hannu da hannu kamar aikin gayya in ana miƙa tubali, har ta iso maƙogwaro mu haɗiye bamu ma sani ba. Sannan ƙwayoyin a manne suke da juna tsam kamar yaɓen da bai tsage ba.

Da can an ɗauka iyakar aikinta kenan, katanga ce da shara. Daga baya aka gano ita ce ma mai gadin da ke fara yin kururuwa. Tana da abin da take gane baƙo da shi, in ta ji an taɓa ta ko an ji mata ciwo sai ta saki wasu sinadarai na kiran agaji, manyansu uku ne, TSLP da IL-33 da IL-25. Shi IL-33 a ajiye yake a cikin ƙwayar tun tana lafiya, da ta fashe sai ya zubo, an bayyana shi ne a 2005. Waɗannan su ke tayar da sojojin garkuwar jiki da ke kwance a ƙarƙashin fatar, ciki har da wasu da ake ce wa ILC2 waɗanda sai a 2010 aka gane su sosai, su kuma sai su saki nasu saƙon, IL-5 ya kirawo wasu fararen ƙwayoyin jini da ake ce wa iyosinofil su cika wurin, IL-13 ya sa majina ta yi yawa ta yi kauri ya kuma sa naman da ya zagaye hanyar iskar ya zama mai saurin tsukewa. Hanya ta kumbura, ga majina ta toshe, ga nama ya matse, iska na ƙoƙarin wucewa ta ƙaramar kafa, shi ne wannan kukan magen da kike ji.

Maman 'Yan Biyu: Ikon Allah. To amma ƙanwata me yasa ita macen nata mai gadin baya ihu?

Ɗalibar Likita: Nata ma yana yi Anti, amma daidai misali, ya kira a share ƙurar a koma a kwanta. Nasa ne mai saurin firgita, abu kaɗan sai ya tara gari. Akwai gado a ciki, binciken da aka yi a kan dubban mutane ya nuna wasu bambance-bambance a wurin da ke ɗauke da umarnin yin IL-33 da TSLP suna da alaƙa da asma, kuma tunda mace da namiji ne ai ba ƙwai ɗaya suka fito ba, gadonsu kamar na wa da ƙanwa ne kawai. Kuma a ƙuruciya maza sun fi mata yin asma, bayan balaga abin ke juyawa. Akwai mai asma ko yawan atishawa ko ƙaiƙayin fata a danginku?

Maman 'Yan Biyu: Kakarsu ta wajen uba, har ta rasu da shi take fama, fuka suke ce masa

Baba Tsohon Hedimasta: 'Yata na karanta duka kuma na gode da ilimi. Amma ban janye maganar sanyi ba. Shekara 35 na yi ina koyarwa, yaran da ke da wannan larura da sanyin asuba take kama su, da idona na gani ba labari ba.

Ɗalibar Likita: Baba ai ban ce ka janye ba, abin da ka gani gaskiya ne. Iskar hunturu ga sanyi ga bushewa, in ta shiga da yawa musamman ta baki tana busar da ɗan ruwan da ke saman fatar cikin nan, wannan bushewar kanta tana sa wasu ƙwayoyi su saki wani sinadari mai suna histamin da 'yan uwansa hanya ta tsuke. Shi yasa rufe hanci da baki da mayafi da asuba yake taimakawa, iskar na ɗan ɗumama ta jiƙe kafin ta isa. Inda na bambanta da kai Baba, sanyin ya tarar da wuri ne a kumbure tun tuni, kamar ƙafar da ke da miki ce, ko ciyawa ta taɓa sai an ji. Ga kuma hazo, yawancin ƙurar nan daga wani tsohon tafkin da ya ƙafe a arewacin Chadi take tasowa, Bodele, iska ta kwaso ta har nan, ƙananan cikinta sun fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba shi yasa hanci baya iya tare su duka. Sai kuma mura da ke yawo a lokacin, ita ce ma kan gaba wajen tayar da asmar yara. Har an gwada ƙwayoyin fatar ciki na masu asma a ɗakin bincike a Ingila, aka wallafa a 2005, aka ga basa fitar da isasshen intaferon wanda shi ne makamin farko na kashe ƙwayar mura, sai cutar ta samu wurin zama ta fasa ƙwayoyi da yawa, kururuwa ta ƙaru.

Nas ɗin Karkara: Salam. Ina aiki a ƙaramin asibiti a yankin Kafin Hausa, bari na sa baki a kan abin shaƙa dan nan ne ake asarar yara. Maman 'yan biyu wanda kika ajiye a kwalla shi ne maganin, shuɗin ɗan agaji ne. Shuɗin salbutamol ne, yana sakin naman da ya matse cikin mintuna kaɗan, bayan awa huɗu zuwa shida ƙarfinsa ya ƙare, baya taɓa kumburin ko kaɗan. Mai ruwan ƙasan shi ke sauka a kan fatar da ƙanwarmu ta yi bayani ya rage mata yawan kiran nan, amma a hankali yake yi, sai an yi sati biyu zuwa huɗu ana shaƙa kullum ko yaro na lafiya kafin a ga bambanci. To uwa ta shaƙa masa yau taga bai daina tari ba gobe sai ta ce baya aiki, kuma ban ga laifinku ba tunda ba a zaunar da ku an faɗa muku ba, layi ya yi tsawo ma'aikaci ɗaya ne. Tun 2019 masu tsara ƙa'idar maganin asma na duniya suka daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗin shi kaɗai, saboda an ga masu yin haka sun fi shiga haɗari. Batun sabo kuma Baba da girmamawa, ba ya sa maye ba ya sa jaraba, yaron da aka ga baya rabuwa da shuɗi kumburinsa ne ba a kashe ba.

Baba Tsohon Hedimasta: To shi na kullum ɗin ba shi da illa? Ai komai aka ce kullum sai an yi tambaya. Naji an ce irin maganin nan ne da mata ke sha su yi ƙiba.

Mai Kemis ɗin Bakin Kasuwa: Sha ka fashe kake nufi Baba. Wallahi akwai masu zuwa su ce a ba su shi saboda tari ko asma, dan sun ga in sun sha ƙirji na buɗewa, wasu har shekara suna sha ba likita, fuska ta kumbura su ɗauka lafiya ce

Nas ɗin Karkara: Dangi ɗaya ne Baba ba zan ɓoye maka ba, amma bambancin yawa ne da inda yake zuwa. Ƙwayar da ake haɗiya tana zaga jiki gaba ɗaya, in aka daɗe a kanta tana kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, ta kuma kwantar da garkuwar jiki, kuma wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci ɗaya sai a hankali a hannun likita. Na shaƙa kuwa ɗan mitsitsi ne ana auna shi da maikirogiram, kai tsaye yake sauka inda ciwon yake. Illar da aka fi gani farin baki ne da dushewar murya, maganinsa a kuskure baki a zubar bayan an shaƙa. An kuma ga yana iya rage tsawon yaro da kimanin santimita 1. Ni dai na ga yaron da aka kawo a kan babur leɓensa ya canza kala saboda rashin iska, bana haɗa wannan da santimita ɗaya.

Ɗan Kura Mai Injin Casa: To ni tawa tambayar, mu fa a cikin ƙura muka tashi. Sussuka, shiƙa, turken shanu, ɗakin kaji, bamu san wata asma ba muna yara, 'ya'yan birni muke ji da ita. Yanzu kuma ana cewa ƙura ce ke kawo ta. Wanne za mu ɗauka? Gashi ni da kaina shekara 6 kenan ina injin casar shinkafa, bana nan in na wuni a wurin da daddare ƙirjina kamar an ɗora dutse

Ɗalibar Likita: Yaya wannan tambayar taka masu bincike sun daɗe a kanta kuma abin da ka lura da shi ba banza bane. A Turai an sha ganin yaran da suka tashi a gidan gona kusa da shanu sun fi ƙarancin asma. A Amurka an kwatanta wasu al'ummu biyu na manoma masu asali kusan ɗaya, Amish da Hutterite, aka wallafa a 2016. Su Amish noman gargajiya suke da dawaki, garkensu a jikin gida yara na shiga suna fita, su kuma ɗayan noman injina suke dabbobinsu na nesa da gidaje. Asma a yaran Amish kusan kashi 5 cikin 100, a ɗayan kuma kusan kashi 21. Kafin nan a 2015 wasu masu bincike a garin Gent na Beljiyam sun gwada a ɓeraye, suka riƙa shaƙa musu ƙurar gidan gona kaɗan-kaɗan, sai fatar cikin nan ta ƙara yin wani sinadari mai suna A20 wanda aikinsa kamar linzami ne, yana riƙe kururuwar kar ta wuce gona da iri. Da suka cire A20 daga fatar huhun ɓerayen sai kariyar ta tafi. Kaga kenan mai gadin yana koyo, wanda tun yana ƙarami ya saba ganin mutanen gari baya yi wa kowa ihun ɓarawo.

Amma wannan kaɗan-kaɗan ne kuma a farkon rayuwa. Ba ɗaya yake da babban mutum ya wuni cikin ƙurar ɓuntu a rufaffen wuri ba, wannan ta yi yawa, akwai funfuna a cikinta da gutsattsarin ƙwayoyin cuta, tana iya jawo asmar wurin aiki. Tambaya ɗaya, in ka yi kwana biyu uku baka je injin ba kana jin sauƙi?

Ɗan Kura Mai Injin Casa: Ƙwarai kuwa. Da sallah na yi kwana biyar a gida garau nake, ranar da na koma da daddare ya dawo

Nas ɗin Karkara: To ka faɗa wa likita wannan maganar daidai yadda ka faɗe ta nan, babbar alama ce. Ka nemi a yi maka gwajin hura iska, a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano ake yi. Kafin nan takunkumi irin N95 ba na yadi ba, a buɗe tagogin wurin, yaran da ke tsayawa bakin injin su ma a ba su. Kuma duk tarin da ya wuce sati biyu a je a gwada kaki saboda tarin fuka wato tibi, kyauta ne gwajin da maganin a asibitocin gwamnati, kar a zauna ana cewa ƙura ce.

Baba Tsohon Hedimasta: Kun ga ni nan nake da ja. In ƙurar garke na kare yaro, to me yasa 'ya'yan ƙauye ke mutuwa da ciwon haƙarƙari? Kar a je a gaya wa mutane su kai jarirai turke.

Ɗalibar Likita: A'a Baba ba wanda ya ce a kai jariri turke, kuma gaskiyarka binciken nan a ƙasashensu aka yi. Ciwon haƙarƙari kuma daban yake da asma, shi ƙwayar cuta ce ke shiga can ƙasan huhu, rigakafi da abinci mai kyau da nonon uwa da saurin kai yaro asibiti su ne maganarsa. Amma inda suka haɗu shi ne hayaƙi, dan shi yana lalata sharar da fatar ke yi sai ƙwayar cuta ta samu hanya.

Inna Mai Ƙosai: Yauwa nan nake jira a zo. Ni shekara ta fi 30 ina gaban murhu, safe ƙosai yamma awara, ban taɓa sa taba a bakina ba amma tari baya barina, da safe sai na yi ta kaki, in na ɗauko ruwa daga rijiya sai na huta sau biyu a hanya. An ba ni shuɗin nan ya ɗan taimaka amma ba kamar yadda ake faɗa ba. Nawa wane iri ne 'yata?

Ɗalibar Likita: Inna sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan iya cewa ga sunan ciwonki daga nan ba, sai an auna, har zuciya ma sai an duba dan ita ma tana kawo haki. Amma abin da hayaƙi ke yi an san shi. Yana gajarta ƙananan gashin nan ya rage musu kuzari, majina ta yi yawa ba mai kwashe ta, shi yasa sai an yi tari da ƙarfi da safe kafin ta fito. Sannan kiran da fatar ke yi a kan hayaƙi wani iri ne daban, tana sakin IL-8 wanda ke kirawo wasu sojojin masu suna niyutirofil, su kuma makaminsu baya bambance abokin gaba da naman gida, shekara da shekaru suna zuwa sai su cinye bangon ƙananan jakunkunan iska, hanyoyin su yi tabo su ƙanƙance. Wannan ba kamar asma bane da ke tsukewa ta saki, shi yasa shuɗin baya buɗe shi duka, kuma irin wannan kumburin baya jin maganin mai ruwan ƙasa sosai kamar na asma. Da ana ce masa ciwon masu shan taba, amma mata da yawa da basu taɓa sha ba suna samunsa ta hayaƙin girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. In na tuna kakata da yadda take tari a madafi har yanzu raina ɓaci yake, mun ɗauka tsufa ne.

Inna Mai Ƙosai: To ya zan yi, sana'ar ce abincinmu, gas kuma kinsan kuɗinsa

Nas ɗin Karkara: Ba wanda zai ce ki bar sana'a Inna. Ki fito da murhun fili ki zauna ta inda iska ke tahowa hayaƙin ya tafi gaba, busasshen itace ba ɗanye ba, kuma dan Allah a daina hura wuta da leda da roba da tsohon takalmi, wannan guba ce tsantsa. Goyo a baya a gaban murhu shi ma a rage in akwai mai riƙewa. Sai ki je a duba ki, kar ki ce sai ya kwantar da ke.

Mai Kemis ɗin Bakin Kasuwa: Wai naji akwai wata allura sabuwa ta asma a waje, gaskiya ne?

Ɗalibar Likita: Akwai su da dama. Mepolizumab tana tare IL-5, an amince da ita a Amurka a 2015. Dupilumab tana tare hanyar IL-13 da ɗan uwansa IL-4. Wadda ta fi dacewa da hirar nan ita ce tezepelumab, a Disamba 2021 aka amince da ita, ita TSLP take kamawa, wato tun daga bakin mai gadin ake tare kiran kafin sojoji su ji. Amma na masu asma mai tsanani ne da sauran magani ya gaza, kuma tsadarsu ba a magana. Yawancin yaranmu basa buƙatarsu, abin da ke kwalla a ɗakin Anti ya ishe su in an yi amfani da shi daidai. Mutum miliyan 262 ke da asma a duniya a 2019, 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe irin namu, ba dan rashin allurar nan ba.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi jikina ya yi sanyi. Kuma yanzu da nake karantawa na tuna, saboda sanyi kullum sai na shigar da kaskon garwashi ɗaki na rufe ƙofa da taga, na sa turaren wuta, ga igiyar leko saboda sauro. Ni a zatona gata nake musu

Nas ɗin Karkara: Kar ki zargi kanki, kowa haka ya taso ya gani. Amma daga yau kasko ya tsaya waje, garwashi a rufaffen ɗaki banda asma ma yana fitar da iskar da bata da wari tana kashe mutane cikin barci. A ƙara bargo. Sauro kuma gidan sauro, banda igiyar leko banda fiya-fiya a inda yake kwana. In za a yi shara a yayyafa ruwa, shi ya fita sai ƙura ta kwanta. Katifa da bargo a riƙa shanya su a rana.

Ɗalibar Likita: Eh batun katifa, akwai wasu ƙananan ƙwari a cikin ƙurar shimfiɗa ido baya ganinsu, kashinsu na ɗauke da wani sinadari da ke yanka abin da ya manne ƙwayoyin fatar ciki da juna, yaɓen ya tsage su samu shiga. Kyankyaso ma haka yake tayar wa wasu.

Nas ɗin Karkara: Wani abu kuma, ya yake shaƙar? Kai tsaye a baki kike fesa masa?

Maman 'Yan Biyu: Eh na ce ya buɗe baki na fesa, wani lokacin naga hayaƙin na fitowa

Nas ɗin Karkara: To yawancinsa a baki da maƙogwaro yake tsayawa. Akwai wata roba da ake sawa tsakanin inhela da baki, in babu a kemis ana yi da gorar ruwa ta roba mai rabin lita, an gwada wannan a asibitin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu aka wallafa a 1999 aka ga tana aiki kamar ta kanti. A huda gindin gorar daidai bakin inhela ya shiga ba tare da iska na fita ba, a girgiza, yaro ya kama bakin gorar da leɓensa, a fesa sau ɗaya ya ja numfashi a hankali sau biyar ko shida, sannan in akwai na biyu a sake. Ki tafi da gorar asibiti a nuna miki da hannu. Kuma ki riƙe wannan, in ya kasa magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ko kika ga tsakanin haƙarƙarinsa da ƙasan wuyansa na lotsawa, ko leɓe da harshe sun canza kala, ko kin ba shi shuɗin bai saki ba, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi, ba jiran gari ya waye, a nemi babur ko ƙarfe nawa ne ana ba shi shuɗin a hanya.

Baba Tsohon Hedimasta: Na yarda da batun kasko, wannan na san gidan da aka yi rashi saboda shi. Na kullum ɗin nan kuwa har yanzu zuciyata bata kwanta ba, amma tunda likita ne ya rubuta a bi. Citta da zumar dai kar a bari.

Nas ɗin Karkara: A ba shi Baba, zuma na lallashin tari ga yaron da ya wuce shekara 1, a haɗa da maganin dai kar a musanya.

Ɗan Kura Mai Injin Casa: Ni gobe in sha Allah zan shiga Kano na nemo takunkumin, mu huɗu ne a injin

Maman 'Yan Biyu: Na ɗauko mai ruwan ƙasan yanzu na duba, ashe kwanan watansa ya wuce tun watan 8. Babansu ya ce ranar Litinin zai kai mu Ringim a sake duba shi a rubuta sabo, na wanke gorar ma na ajiye. Kaskon na fitar da shi tsakar gida. Nas in an ba mu sabon sau nawa zai riƙa shaƙa a rana?

Nas ɗin Karkara: Ya danganta da irin wanda suka ba ku da ƙarfinsa, ki sa su rubuta miki a jikin kwalin, ki ɗauki hotonsa ki turo min na karanta miki.